Ta yaya zan ɗauki sauti da hoto ta cikin risibar hom tiyata zuwa kwamfuta?

Abban Sadiq, Agege:

Assalamu alaikum. Masana kayan sauti, ina neman a haska mini hanya. Akwai risibar hom tiyata, wato akwatin da ke karɓar sauti da hoto daga na'urori ya raba wa sifiku da talabijin, ƙirar Onkyo, ta hannu ce, tana ɗaukar sifika biyar da wufa ɗaya. A bayanta akwai HDMI huɗu na shiga da ɗaya na fita, sai ramukan ja da fari da rawaya masu rubutun VCR/DVR IN da VCR/DVR OUT, da TAPE IN da TAPE OUT, da wasu biyu da aka rubuta ZONE 2 LINE OUT. Abubuwan da ke jone da ita su ne rikodar kaset a TAPE IN, na'urar bidiyo ta VHS a VCR/DVR IN, da dikoda wadda ta shiga ta HDMI.

Buƙatar ita ce a kwashe tsofaffin kaset-kaset na karatu da tafsiri zuwa kwamfuta, a kwashe kaset-kaset na bidiyon biki da saukar karatu kafin su lalace, sannan in da hali a riƙa ɗaukar wasu shirye-shirye daga dikoda.

Ga inda abin ya tsaya. In aka jawo waya daga VCR/DVR OUT zuwa ramin makirfo na laftof, sautin rikodar kaset yana zuwa amma a fashe, ba a gane maganar sosai. In aka juya zuwa na'urar bidiyo, tsit, babu komai. In aka juya zuwa dikoda ma tsit, alhali sifikun suna ta magana. Risibar ce ta samu matsala ko jonin ne ba daidai ba? Kuma me ya kamata a saya a Alaba ko Computer Village? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Amfilifaya, Alaba:

Wa alaikumus salam, Malam Abban Sadiq. Risibarka lafiyarta ƙalau. Abubuwa uku da ka lissafa kowanne da dalilinsa daban, kuma duk haka aka ƙera ta.

Ramukan da aka rubuta OUT a jerin VCR/DVR da TAPE ba sa sarrafa komai. Abin da ya shigo ta wayar ja da fari shi ke fita ta ja da fari, abin da ya shigo ta rawaya shi ke fita ta rawaya. Risiba a nan kamar ɗan kamasho ce a tasha, tana nuna wa fasinja motar da zai shiga, ba ta sauya masa kaya. Sautin da ya shigo ta HDMI ko ta wayar haske ta OPTICAL dijital ne, risiba tana fassara shi ne don sifiku kawai, ba ta mayar da shi analog ta aika wa ramukan ɗauka. Shi ya sa dikodarka ke magana a sifika amma ba ta fita ta VCR/DVR OUT.

Shirun na'urar bidiyo kuma wani abu ne daban. Yawancin risiba ba sa fitar da abin da ya shigo ta VCR/DVR IN ta VCR/DVR OUT, haka ma TAPE IN ba ya fita ta TAPE OUT. An yi haka ne don kada na'ura ɗaya ta riƙa ɗaukar muryar kanta, sauti ya yi ta zagaye har ya zama ihu mai fasa sifika. Maganin wannan shi ne ka cire na'urar bidiyo daga VCR/DVR IN, ka mayar da wayoyinta uku wani wurin shiga mai rawaya da ja da fari, kamar CBL/SAT ko AUX na gaba. Rikodar kaset ka bar ta a TAPE IN. Da wannan jonin, VCR/DVR OUT shi kaɗai zai riƙa fito maka da duk wanda ka zaɓa a cikinsu.

Sai fashewar sauti. Ramin makirfo na laftof an yi shi ne don ɗan ƙaramin sautin makirfo, yawanci kuma kunne ɗaya yake ɗauka. Abin da risiba ke fitarwa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma maɓallin ƙara murya na risiba ba ya taɓa waɗannan ramukan, ko ka rage har ƙasa ƙarfin na nan yadda yake. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar na'urar sauti ta USB mai ramukan shiga ja da fari. Behringer UCA202 ko UCA222 sun isa wannan aikin. Ka haɗa da wayar RCA, wato ta ja da fari, mai kai biyu a kowane ɓangare, tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

A kwamfuta ka saka manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce. Ka zaɓi na'urar USB ɗin a matsayin wurin ɗauka, tashoshi biyu, 44100 Hz. In Windows ce, ka shiga saitin sauti ka tabbatar ita ma ta sa na'urar a tashoshi biyu, domin takan ɗauke ta a matsayin makirfo mai kunne ɗaya. Ka kunna kaset a wurin da murya ta fi tashi, ka daidaita har mizanin ya riƙa kaiwa wajen -6 dB. Kada ya taɓa 0, domin abin da ya fashe a lokacin ɗauka ba ya gyaruwa. Ka ajiye asalin a WAV. Kowane minti yana cin kimanin megabait 10, kaset C90 mai minti 45 a kowane gefe zai kusa gigabait 1. Wanda za a rarraba wa jama'a a WhatsApp sai a fitar da shi daban a MP3 mai kunne ɗaya, 64 kbps ya ishi magana, minti 90 ba zai kai megabait 50 ba.

ZONE 2 LINE OUT ɗin nan da ka ambata yana da amfani babba. In ka kunna Zone 2 ka zaɓa masa TAPE, kaset zai riƙa fita ta nan zuwa kwamfuta, mutan gida kuma suna kallon dikoda a falo ba tare da sun katse maka aiki ba. A risiba masu waɗannan shekarun shi ma analog kawai yake fitarwa, kuma sauti ne zalla babu hoto. In ta VCR/DVR OUT kake ɗauka kuwa, duk wanda ya taɓa rimot ya sauya tasha ya yanke maka ɗaukar. Ka kashe sarrafawa ta HDMI a saitin risiba, wadda Onkyo ke kira RIHD, domin kunna talabijin kaɗai yana iya juya risiba zuwa wani wurin shiga.

Gargaɗi ɗaya: kada ka yarda wani ya ce a jawo waya daga inda ake ɗaura sifika. Amfilifaya mai wat 100 a kan sifika mai om 8 tana fitar da kimanin bolt 28, na'urar ɗauka kuwa ba ta son abin da ya wuce bolt ɗaya zuwa biyu. Za ta ƙone, wani lokaci har da tashar USB ta laftof.

Maman Hanif Mai Situdiyo, Idi Araba:

Injiniya ya gama da sauti, bari in ɗora a kan hoto. Malam, na'urar Behringer ba ta ɗaukar bidiyo. Na VHS kana buƙatar na'urar ɗauka ta USB mai kai rawaya da ja da fari, wasu har da S-Video. Masu arha da ake kira EasyCap sun cika kasuwa, amma suna iri-iri a ciki ko da kwalinsu ɗaya, wata ta yi aiki wata ta ƙi. Ka tafi da laftof ɗinka a gwada a gabanka kafin ka biya. In aljihu zai ɗauka, Elgato Video Capture ko Hauppauge USB-Live2 sun fi tsayawa.

Dukkan wayoyin uku su shiga wannan na'urar guda. Kada ka ce hoto ya bi ta nan, sauti ya bi ta Behringer don ya fi kyau. Kowace na'ura da agogonta a ciki, kuma agogon biyu ba sa tafiya daidai. Farkon bidiyo za ka ga komai daidai, kafin a kai awa biyu baki ya riga murya ko murya ta riga baki.

Najeriya tsarin PAL muka yi amfani da shi, wato hoto mai 720 a 576, hotuna 25 a daƙiƙa. Yawancin waɗannan na'urorin kuwa suna zuwa ne a saitin NTSC na Amurka. In ka ga hoto fari da baƙi, ko yana birgima, ko ƙasansa ya yanke, wannan ne dalili na farko. A manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS Studio, bayan ka ƙara na'urar, ka shiga Configure Video ka sauya zuwa PAL_B. Girman allo ka sa 768 a 576 don ya zauna a 4:3, mutane su fito da siffarsu ba a miƙe ko a matse ba. Kada ka buɗe shi ya cika faffaɗan allo na 16:9.

Hoton VHS rabi-rabi yake zuwa, a nuna layi a tsallake layi, sannan a nuna waɗanda aka tsallake, suna karɓa-karɓa sau 50 a daƙiƙa. A tsohuwar talabijin ba a gani, amma a kwamfuta duk abin da ya motsa sai ya yi haƙora a gefensa. Ka danna dama a kan hoton a OBS, ka shiga Deinterlacing, ka zaɓi Yadif 2x, sannan ka sa ɗauka a hotuna 50 a daƙiƙa. In motsi yana rawa gaba da baya, ka sauya tsakanin Top Field First da Bottom Field First. Sauti ka sa shi a 48 kHz.

Ka ɗauka a MKV, ban da MP4. Da yanayin wutar Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne: in wuta ta ɗauke ko manhajar ta tsaya ana tsakiyar ɗauka, fayil ɗin MP4 na yau da kullum yakan ƙi buɗewa gaba ɗaya, MKV kuwa za ka samu abin da aka ɗauka har zuwa inda aka tsaya. Bayan an gama, Remux Recordings a cikin OBS zai mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da rage kyau ba. A 8 Mbps awa ɗaya tana cin kimanin gigabait 3.6, kaset E-180 mai awa uku zai kai wajen gigabait 11. Filash da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS.

In PAL ya zauna amma wani kaset shi kaɗai ya ƙi nuna launi, ka tambayi inda aka ɗauke shi. Wanda aka aiko daga Amurka NTSC ne. Wanda aka ɗauka daga talabijin a Nijar yana iya zama SECAM, tsarin da yawancin ƙasashen rainon Faransa suka bi. Waɗannan sai na'urar bidiyo mai rubutun Multi System a gabanta.

Abban Sadiq, Agege:

Allah ya ƙara basira, Injiniya da Hajiya. An sauya jonin kamar yadda aka ce, hoto da sauti sun fito ta VCR/DVR OUT. Saura abu biyu. Akwai wani ƙugi mai kauri a ƙarƙashin sautin, ko kaset ba ya tafiya yana nan, kuma wani lokaci ana ganin wani faffaɗan layi yana hawa sama a hankali a kan hoton. Sannan batun dikoda, shin in an sayi na'urar ɗauka mai HDMI aka jona a HDMI OUT na risiba, ba shi ke nan ba?

Baba Mai Wayarin, Mile 12:

Ɗana, ƙugin nan da layin da ke hawa abu ɗaya ne. Wutarmu 50 Hz ce, ita kake ji kuma ita kake gani. Yana faruwa ne in na'urori biyu da waya ta haɗa suna samun at, wato jonin ƙasa na kariya, ta hanyoyi daban-daban, sai ɗan bambancin da ke tsakaninsu ya bi ta jikin wayar sauti.

Ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kana saurare da abin kunne. Fara da zare cajar laftof, ya tsaya a kan batir. In ƙugin ya ɗauke, caja ce, kuma mafi sauƙi ka riƙa ɗauka a kan batir ko ka nemo caja ta asali. In bai ɗauke ba, kwance wayar da ta sauko daga dish ta shiga dikoda. Sau da yawa ita ce, domin tana jone da ƙarfe a kan rufi, ta shiga dikoda, daga nan ta bi HDMI ta shiga risiba. A lokacin ɗaukar kaset ka zare HDMI na dikoda daga risiba gaba ɗaya. Bayan haka ka tattara risiba da rikoda da na'urar bidiyo da laftof a kan soket ɗaya mai baki da yawa. Wayoyin sauti kada su kwanta a kan wayoyin wuta ko kusa da sitabilaiza. In duk an yi yana nan, akwai ɗan abu da ake sawa a tsakiyar wayar ja da fari, masu kayan sautin mota suna sayar da shi da sunan ground loop isolator. Abin da ba na so ka yi shi ne karya ƙafar at ta fulogi. Ƙugi zai iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa jikin na'ura, mai taɓa ta ne zai zama hanyar ƙasa.

Ƙaramin janareta da inbata mai arha wadda ba pure sine wave ba suna sa wata ƙara mai kaifi kamar ta ƙudan zuma, wannan kuma ba matsalar at ba ce, wutar ce ba ta da tsabta. A jira wutar layi, ko a yi aikin a kan inbata mai kyau. Audacity tana da Notch Filter da za ka sa a 50 da 100 da 150 Hz ka rage ƙugi, amma tana tafiya da wani abu na kaurin muryar malamin, don haka a fara gyarawa daga waya.

Tunda risibar ta hannu ce, ka duba rubutun da ke bayanta kusa da wayar wuta. In an rubuta 120V ta Amurka ce, dole sai da tiransifoma mai rage wuta daga 230. Ka duba wat ko amfiya da aka rubuta, ka ɗauki tiransifoma da ta fi haka da kamar rabi. Ita ma a ajiye ta nesa da rikodar kaset, domin kan rikoda, wato ɗan abin da ke karanta kaset, yana jan ƙuginta ko babu waya a tsakaninsu.

Injiniya Mai Amfilifaya, Alaba:

Batun HDMI, Malam, kada ka yi saurin kashe kuɗi. Akwai makulli a kan HDMI da ake kira HDCP. Dikodar tashoshin biya irin su DStv tana tambayar na'urar da ke gabanta ko tana da izini, talabijin tana da shi, na'urar ɗauka ba ta da shi. Sakamakon shi ne baƙin allo ko saƙon gargaɗi, ko ka bi ta risiba ko ka jona kai tsaye. Masu shirye-shiryen ne suka sa makullin don kare haƙƙinsu. Hanyar da aka tanada ita ce dikoda mai ɗauka da kanta, kamar DStv Explora, wadda ke ajiye shiri a cikinta ka kalla daga baya.

In kuwa dikodar tashoshin kyauta ce, irin su Strong, da yawansu suna da tashar USB da maɓallin ɗauka a rimot. Ka sa filash ko had dis, ta rubuta shirin yadda ya sauko daga tauraron ɗan Adam a fayil mai ƙarshen .ts, wanda manhajar VLC ke buɗewa. Wannan ya fi duk wata ɗauka ta waya kyau, kuma risiba ba ta da hannu a ciki.

Na'urar ɗauka mai HDMI tana da wurinta: kyamara mai fitar da HDMI a wurin wa'azi ko walima, wata kwamfuta, ko PlayStation 4 da 5 waɗanda ke da wurin kashe HDCP a saitinsu don ɗaukar wasa. Ko a nan ɗin gara a jona kai tsaye. In ka bi ta risiba, tana riƙe sautin ta ba sifiku sai ka kunna fitar da sauti ta HDMI a saitinta, kuma dole saitin sautin na'urar da ke aikowa ya kasance a PCM. In tana aiko da Dolby Digital, na'urar ɗauka ba ta iya fassara shi, sai ka samu shiru ko shuuu mai ƙarfi. Haka nan risiba da yawa da ke ɗaga hoton rawaya zuwa HDMI ba sa tura sautin ja da fari tare da shi, don haka wannan ba hanyar kwashe VHS ba ce.

In sauti kaɗai kake so daga abin da ya shigo ta dijital, kuma abin naka ne ko kana da izininsa, ramin abin kunne na gaban risiba yana fitar da shi a analog mai kunne biyu. Waya mai babban kai na milimita 6.35 zuwa ja da fari ake nema. Sifiku za su yi shiru, kuma maɓallin murya yana aiki a nan, don haka ka fara daga ƙasa kana ƙarawa a hankali har mizani ya kai -6 dB.

Maman Hanif Mai Situdiyo, Idi Araba:

A nan ina da ɗan bambancin ra'ayi da Injiniya. Jonin da ya bayar daidai ne kuma yana da sauƙi ga mai na'urori da yawa, amma a kan VHS ni na fi son a tsallake risiba. Hoton rawaya mai rauni ne tun asali, kowane ƙarin waya da ƙarin rami yana rage masa wani abu, tsofaffin ramuka kuma a iskar Legas tsatsa suke yi. Waya ɗaya gajera daga na'urar bidiyo zuwa na'urar ɗauka, ka kalli abin a allon laftof. Wannan ma yakan kawar da layin da ke hawa, tunda dikoda da dish sun fita daga cikin jonin. Ka ɗauki minti biyu ta risiba, minti biyu kai tsaye, ka gwada su gefe da gefe. In ba ka ga bambanci ba ka bar jonin Injiniya.

Kaset ɗin kansu su ne abin da ya fi damuna. Danshin garin nan yana sa su fumfuna. Ka leƙa ta gilashin kowane kaset, in ka ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin, kada ya shiga na'urar da kake ji da ita. Zai toshe kan na'urar cikin daƙiƙoƙi, ya kuma shafa wa na bayansa. A ware irin waɗannan a kai wa mai gyara ya buɗe ya goge. Masu tsabta kuma ka fara ɓalle ɗan harshen roba na bayansu don kada a danna ɗauka bisa kuskure a shafe biki. Ka tura kowanne har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya kafin ɗauka, naɗin ya saki.

In hoto ya koma yayyafi alhali sauti na tafiya, kan ya yi datti. A cire na'urar daga wuta, a jiƙa farar takarda da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a ɗora ta a jikin gangar ƙarfen da ke ɗauke da kan a cikin na'urar, a juya gangar da yatsa a hankali. Ban da auduga, ban da gogawa sama da ƙasa, kan yana karyewa. In layuka ne a sama ko ƙasan hoto, maɓallin Tracking za ka taɓa. In sautin yana ƙyas-ƙyas, ka sauya daga Hi-Fi zuwa Normal a rimot, ƙararsa ta fi yawa amma ba ya yankewa.

Rikodar kaset ita auduga ta halatta: a goge kai da siririn ƙarfen da ke jan zare da tayar roba. Dolby a kashe sai in an rubuta shi a jikin kaset. In murya ta fito a dushe bayan gogewa, akwai ɗan sukurun da ke gefen kai, a juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare har harufan sin da shin su fito sarai, domin kaset-kaset na tafsiri da aka kwafa da yawa a kasuwa ba kowanne ne aka ɗauka da kai a miƙe ba. In murya tana lilo, bel ya saki, a sauya shi kafin a fara. Kaset na farko ka ɗauke shi cikakke, ka duba mintunan ƙarshe ko baki da murya suna tare, sannan ka ci gaba da sauran, kowane fayil kuma a ajiye shi a had dis biyu daban-daban.